Taswirar Tunani a Waya da Kwamfuta: Amsoshin Tambayoyin Masu Farawa

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga bakin ɗalibai, malamai da masu ƙananan sana'o'i duk lokacin da muka zauna koyon taswirar tunani. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, amma ba dole ne ka bi su a jere ba. Nufi inda yake maka ƙaiƙayi kai tsaye.

Wai mece ce taswirar tunani?

Zane ne da mutum yake zube abin da ke kansa a kai, ta yadda ido zai ga batun gaba ɗaya lokaci guda. Za ka rubuta batun a tsakiyar shafi, ka fitar da manyan rassa daga jikinsa, kowane reshe ya ɗauki ɓangare ɗaya, sannan shi ma ya haifi nasa ƙananan rassan. Duk wanda ya taɓa ganin salsalar gidansu a zane, daga kaka zuwa 'ya'ya zuwa jikoki, ya riga ya san fasalin. Ita salsala daga sama take gangarowa, wannan kuwa daga tsakiya take bazuwa ta kowace kusurwa.

Ɗauki alwala. Ka sa ta a tsakiya, ka ba ta rassa huɗu: farillai, sunnoni, mustahabbai, da abubuwan da suke warware ta. A ƙarƙashin farillai sai ka rataya guda bakwai ɗin da muka koya a littattafan Malikiyya: niyya, wanke fuska, wanke hannaye, shafar kai, wanke ƙafafu, cuccuɗawa, da yin su ba tare da dogon tsaiko ba. Babin da ya cinye shafuka a littafi ya dawo abin da za ka kalla ka gane inda kowace mas'ala ta zauna.

Wa ya ƙirƙiro ta?

Wanda ya yayata ta da wannan suna wani marubuci ne ɗan Ingila, Tony Buzan, a wani shirin talabijin na BBC a 1974. Ya rasu a 2019. Shi ya shimfiɗa ƙa'idojin da ake ta maimaitawa har yau: hoto a tsakiya, rassa masu lanƙwasa, launuka, kalma ɗaya a kan kowane reshe. Amma rarrabe ilimi ta siffar bishiya ya girme shi nesa ba kusa ba, domin akwai irin wannan zane da ake jingina wa Porphyry, masanin falsafa na ƙarni na 3. Don haka kada ka ɗauki ƙa'idojin Buzan kamar farilla. Wasunsu suna da amfani, wasu kuwa za ka ga hukuncinsu a amsar da ke kan kalma ɗaya da wadda ke kan launuka.

Tunda takarda da biro suna yi, me zai kai ni ga manhaja?

Abu uku ne manhaja ta fi takarda da su, kuma duka ukun sai aiki ya yi nisa ake ganin amfaninsu. Na farko, gyara. A takarda idan ka gano cewa wani reshe ba wurinsa ke nan ba, sai dai ka soke ko ka sake zane daga farko. A manhaja ja shi kawai za ka yi ka ajiye shi a ƙarƙashin wani, ya tafi da 'ya'yansa da jikokinsa duka. Na biyu, shafi ba ya ƙarewa, kuma kana iya naɗe reshen da ba ka buƙata a yanzu ya ɓuya, ka buɗe shi idan ka so. Na uku, kana iya neman kalma a ciki, ka liƙa mahaɗin intanet ko dogon bayani a bayan reshe, ka tura wa wani.

Takarda ita ma ba ta da caji da zai ƙare, ba ta jiran wuta, kuma hannu ya fi sakewa a kanta. Ni kaina idan tunanin bai nuna ba, a bayan tsohuwar takarda nake fara zana shi, sai ya ɗan yi fasali nake kai shi kwamfuta. Wanda bai taɓa yin taswira ko ɗaya ba, shawarata ya yi biyu ko uku da biro tukuna, don kada koyon maɓallai ya haɗu masa da koyon tunanin.

Wace manhaja zan fara da ita?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin lokacin mutane a banza. Na ga wanda ya yi mako biyu yana sauke manhajoji yana gogewa, bai zana taswira ko ɗaya ba. Dukkansu aikin farko ɗaya suke yi. Tambayoyin da ya kamata ka yi wa kanka biyu ne: da me zan yi aikin, waya ko kwamfuta? Kuma ina da intanet a kowane lokaci ko sai an sayi data?

Idan kwamfuta ce kuma ba ka son biyan ko kwabo, Freeplane ce. Kyauta ce gaba ɗaya, ba rajista, ba talla, tana aiki a Windows, Mac da Linux ba tare da intanet ba. Daga jikin wata tsohuwar manhaja mai suna FreeMind aka tsage ta, kuma ta fi uwar tata samun kulawa yanzu. Aibinta shi ne fuskarta cike take da maɓallai kamar gaban direban jirgi, sai ka kau da kai daga mafi yawansu. XMind ta fi ta kyan gani da sauƙin shiga, tana nan a kwamfuta da waya, tana kuma aiki ba intanet, sai dai wasu ɓangarorinta na masu biya ne. A waya, SimpleMind ba ta da nauyi kuma sunanta ya bi ta, wato mai sauƙi ce. MindNode ta masu iPhone, iPad da Mac ce kaɗai.

Akwai kuma waɗanda gidansu intanet ne, ta burauza ake shigarsu: MindMeister, wadda ta fito tun 2007, da Coggle, da Mindomo, da Miro wadda ita babban allo ne da taswira take ɗaya daga cikin ayyukansa. Waɗannan su ne gwanayen aikin haɗin gwiwa, amma ranar da sabis ya yi gardama kai da aikinka sai kallo. MindManager, wadda ta samo asali tun shekarun 1990, ta manyan kamfanoni ce da kuɗinta, mai farawa ba ruwansa da ita.

Waya kaɗai gare ni. Zan iya?

Za ka iya, kuma da yawa da ita suke yi. Sai dai ka san iyakarta. Fuskar waya ƙarama ce, taswira kuma amfaninta shi ne a gan ta gaba ɗaya, to da zarar rassa sun yi yawa sai ka koma matsowa da nesantawa da yatsu biyu har ka manta abin da kake nema. Kwantar da wayar a kaikaice, ka riƙa naɗe rassan da ka gama da su, ka kuma raba babban batu zuwa ƙananan taswirori kamar yadda aka yi bayani a amsar da ke kan cunkoso. Idan kana da ɗan hali, ƙaramin kibod mai haɗuwa da waya ta bulutut yana sauya aikin sosai.

Da suka ce kyauta, da gaske kyauta ce?

Kyauta iri-iri ce. Akwai ta tsakani da Allah, irin ta Freeplane da FreeMind, inda masu sa kai ne suka gina manhajar suka sake ta ga kowa. Akwai ta ɗanɗano, inda za a ba ka kaɗan don ka saba. MindMeister taswira uku take bari ka mallaka a tsarin kyauta. Coggle tana ba ka uku na sirri, sauran kuma a buɗe suke, wanda ya samu hanyarsu zai gani. Miro alluna uku take bari ka riƙa gyarawa. Wasu kuma za su bar ka ka zana iya son ranka, amma ranar da ka zo fitar da aikin sai su manna tambarinsu a kai ko su ce sai ka biya. Waɗannan sharuɗɗa suna sauyawa, saboda haka leƙa shafin farashinsu kafin ka zuba aikinka.

Wajen biya ma akwai bambanci. SimpleMind sau ɗaya ake sayen cikakkiyarta a kan na'ura, yawancin na intanet kuwa kuɗin wata-wata ne ko na shekara, kuma da kuɗin waje. Ka kula da abin da ake kira gwaji na kwana bakwai ko sha huɗu wanda ake neman lambar katinka tun farko, domin idan ka manta ba ka soke ba, cirewa za a yi. Mai farawa ba ya buƙatar biyan komai a watanninsa na farko.

Na buɗe manhajar, ga fili fari fat. Ta ina zan fara?

Kada ka fara da batun da ba ka sani ba. Ɗauki abin da ke hannunka yanzu. A ce bikin ƙanwarka ya matso kuma kai aka ɗora wa tsare-tsare. Danna akwatin da ke tsakiya, ka goge abin da ke ciki, ka rubuta "Biki". Sai ka fitar da manyan rassa yadda suka zo maka: ɗaurin aure, kamu, walima, kayan ɗaki, kai amarya, baƙi, kuɗi. Kada ka tsaya tunanin wanne ya kamata ya riga wanne.

Yanzu shiga ɗaya bayan ɗaya. Ɗaurin aure ya haifi masallaci, waliyyi, goro da alawa, katin gayyata. Kayan ɗaki ya haifi gado, kujeru, labule, kayan kicin. Kana cikin rubuta "motoci" a ƙarƙashin kai amarya sai ka tuna 'yan'uwan da za su zo daga ƙauye su ma mota suke so. Kada ka ce bari in gama wannan tukuna, tsallaka reshen baƙi ka rubuta nan take, ka dawo. A can ne kuma za ka ga reshen ya tsaya da ɗa ɗaya tilo alhali sauran sun cika, sai ka farga ba wanda ya yi maganar masauki, ba wanda ya yi maganar abincin kwana biyun da za su yi. Reshen da ya rame shi ke nuna maka inda ba ka yi tunani ba, kuma a jerin rubutu na yau da kullum ba za ka taɓa ganin wannan ramar ba.

Ba wa kanka minti ashirin na zubewa, ba gyara, ba launi. Bayan nan sai ka koma ka ja rassa zuwa inda suka dace, ka haɗe masu maimaita juna, ka goge shirme. Ajiye fayil ɗin da suna mai ma'ana tun kafin ka yi nisa.

Waɗanne maɓallai ne ya kamata in haddace?

Biyu sun ishe ka a rana ta farko. A XMind, MindMeister da mafi yawan sauran, Tab yana haifar wa reshen da kake kai ɗa, Enter kuma yana samar masa ɗan'uwa a gefensa. A FreeMind, Insert ne mai haifar da ɗa. Da waɗannan biyun da kibiyoyin kibod za ka iya gina taswira sukutum ba ka taɓa linzamin kwamfuta ba, kuma a nan ne saurin yake, domin hannu ba ya barin rubutu. Ƙara da Ctrl da Z don janye kuskure, da Ctrl da S don ajiyewa. A waya, taɓa reshe za ka ga alamar ƙari ta fito a gefensa.

Dole sai kalma ɗaya a kowane reshe?

Buzan haka ya ce, kuma yana da hujja: kalma ɗaya tana barin ƙofa a buɗe. Idan ka rubuta "kuɗi", zai iya haifar da gudummawa, bashi, abin da aka kashe, abin da ya rage. Idan kuwa ka rubuta "kuɗin da Kawu ya yi alkawari", ka rufe reshen. Amma Hausa ba kullum take yarda a matse ta cikin kalma ɗaya ba. "Shafar kai" kalma biyu ce, "kai amarya" ma haka, kuma idan ka yanke ɗaya ma'ana ta gudu. Ma'aunin da nake bayarwa shi ne kalma ɗaya zuwa huɗu, wadda idan ka dawo bayan wata guda za ka gane abin da kake nufi.

Abin da ya fi wannan tsawo, kamar ma'anar kalma, aya, ƙa'idar lissafi ko lambar shafi, akwai wurinsa. Kusan kowace manhaja tana da wurin rubuta bayani a bayan reshe, wanda ba ya fitowa sai an taɓa. Can za ka zuba shi. Babban kuskuren masu farawa shi ne kwafo sakin layi guda daga littafi su liƙa a akwati, su yi haka sau talatin, su ce sun yi taswira. Littafin ne dai aka yayyanka aka watsa a shafi.

Taswirata ta cunkushe har ni ma ba na gane ta. Ya zan yi?

Duba manyan rassan tukuna. Idan sun haura bakwai ko takwas, akwai waɗanda 'yan gida ɗaya ne, a nemo musu uba a tara su ƙarƙashinsa. Sannan duba zurfi: reshen da ya kai hawa biyar ko shida ya isa zama da kansa, a yanke shi a mai da shi sabuwar taswira, a bar mahaɗi a tsohon wurinsa. Ɗalibin da ya sa duk darussan Bayoloji na WAEC a shafi ɗaya ya haɗa wa kansa gizo-gizo. Taswira ɗaya ta jera batutuwa, kowane batu kuma ya samu tasa.

Layukan da ake ja daga wani reshe zuwa wani can nesa don nuna alaƙa suna da amfani, amma kamar gishiri suke. Uku ko huɗu sun isa. Idan ka ga kana buƙatar ashirin, wataƙila ba wannan irin zanen batunka yake so ba, duba amsa ta ƙarshe.

Launuka da hotuna fa?

Launi ya yi aiki, in ba haka ba a bar shi. Kowane babban reshe da launinsa, ko kuma ja ga abin da ba a yi ba, kore ga wanda aka gama. Manhajoji da yawa suna raba launin da kansu, ka bar musu. Sa'ar da za ka ɓata kana zaɓen zubin rubutu da ƙananan hotuna, ba ta ƙara maka sanin komai.

Haruffan ƙ, ɗ, ɓ suna fitowa kamar akwati ko alamar tambaya. Laifin wa?

Galibi laifin zubin rubutun da aka zaɓa ne, wato font, domin ba kowanne ne aka zana masa haruffanmu masu ƙugiya ba. Sauya shi zuwa wanda yake da su, irin Noto Sans, Andika ko Charis SIL, duka kyauta ne. Wajen bugawa kuma, a waya ƙara Hausa cikin harsunan Gboard, wato kibod ɗin Google, a Windows akwai kibod ɗin Hausa a cikin saitin harshe, akwai kuma manhajar kibod mai suna Keyman. 'Yan'uwanmu na Nijar da suke rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y su fi kula, domin shi ne harafin da ya fi saurin ɓacewa.

Wani abin da yake ba mutane mamaki: rubutu ya fito lafiya a kwamfutarka, ka tura wa wani fayil ɗin, a wurinsa ya zama akwatuna saboda ba shi da zubin da ka yi amfani da shi. Maganinsa a tura hoto ko PDF, kamar yadda ya zo a amsar da ke kan turawa. Masu sa Larabci ko ajami su gwada da reshe ɗaya tukuna, su fitar da shi su gani, musamman inda aka cakuɗa boko da Larabci a layi ɗaya, don a nan ne kalmomi suke juyewa.

Gaskiya ne tana sa a haddace karatu? Jarrabawa ce a gabana.

Tana taimakawa, amma ba yadda masu talla suke zuzutawa ba. A wani bincike da Farrand da abokan aikinsa suka wallafa a 2002, an ba ɗaliban likitanci 50 rubutu mai kalma 600, aka gwada su bayan mako guda. Waɗanda suka yi taswira sun samu ƙarin tunawa na kusan kashi 10 cikin ɗari, sai dai sha'awarsu ga hanyar ta gaza ta waɗanda aka bari da hanyar da suka saba. Riba ce, amma ba sihiri ba.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Karpicke da Blunt na Jami'ar Purdue a Amurka, wanda mujallar Science ta buga a 2011. Wasu ɗalibai sun zana taswirar alaƙar ma'anoni (irin wadda aka yi bayani a amsa ta ƙarshe) littafi a buɗe a gabansu, wasu kuma an rufe musu littafi aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan mako guda masu rufe littafi ne suka fi, alhali ɗaliban da kansu sun zaci akasin haka. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi makarantar allo: ba a sanin an riƙe karatu sai an kife allo an kawo hadda. To haɗa biyun. Karanta babin, ka zana taswirarsa, ka rufe komai. Washegari buɗe sabon fili ka sake zana ta da ka, sannan ka kwatanta da ta jiya. Rassan da suka ɓace su ne karatunka na yau. A manhaja akwai hanya mai sauƙi: naɗe duk rassan, ka faɗi abin da ke ƙarƙashin kowanne da baki kafin ka buɗe.

An ce tana sa ɓangaren dama da na hagu na ƙwaƙwalwa su yi aiki tare.

Wannan magana ta daɗe tana yawo a littattafai da tallace-tallacen manhajoji, amma masana ƙwaƙwalwa ba su tsaya a kanta ba. Wani bincike na Jami'ar Utah a 2013 ya duba hotunan ƙwaƙwalwar mutum sama da 1,000 bai samu cewa akwai "mutanen dama" da "mutanen hagu" ba. Amfanin taswira ya fi wannan sauƙin bayani: tana tilasta maka ka yanke hukuncin wane abu ne babba, wanne ne ƙarami, wanne ke ƙarƙashin wanne.

Ni malama ce. Zan iya amfani da ita a aji ko wajen duba furojek ɗin ɗalibai?

Sosai kuwa, Malama. Wajen shirya darasi, ki sa batun a tsakiya, manufofi da misalai da tambayoyi su zama rassa, za ki ga inda darasin ya yi nauyi da inda ya rame kafin ki shiga aji. Idan akwai majigi, ki shiga da rassan a naɗe ki riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Idan babu, allo da alli sun wadatar, kuma ya fi kyau yara su faɗo rassan da kansu kina rubutawa a kan ki raba musu gamammiya.

Ga mai rubuta furojek kuwa, ki ce ya kawo miki taswirar babi na biyu kafin ya rubuta ko layi ɗaya: kowane ra'ayi reshe, marubutan da suka faɗe shi 'ya'yansa, shekara da shafi a bayanin da ke baya. Cikin minti biyar za ki gane wanda ya karanta da wanda ya kwaso. Daga nan yana iya fitar da ita a matsayin jerin kanun rubutu zuwa Word ya ci gaba da cikewa.

Mu biyar ne a aiki ɗaya. Za mu iya zanawa tare?

A nan ne na intanet suke cin kasuwarsu. A MindMeister, Coggle ko Miro mutum ɗaya zai buɗe taswira ya tura wa sauran gayyata, kowa ya ga abin da ɗan'uwansa yake rubutawa nan take. Ku raba rassa tun farko, kowa da nasa, in ba haka ba wani zai ja reshen wani a yi ta cacar baki. Ku kuma duba ko mahaɗin da kuka tura na kallo ne kawai ko na gyara, kuma kada ku zuba lissafin kuɗin ƙungiya ko sunayen mutane a taswirar da take a buɗe ga kowa, kamar yadda aka yi gargaɗi a amsar da ke kan kyauta. Idan data ta yi wuya, ku zauna wuri ɗaya, mutum ɗaya ya riƙe kibod, sauran su yi ta jefowa.

Ta yaya zan tura wa wanda ba shi da manhajar, ko in buga a takarda?

Nemi wurin fitarwa a cikin jerin umarnin fayil, ka zaɓi PDF ko hoton PNG. PDF ya fi, domin ko an matso da shi rubutun ba ya dushewa. Idan ta WhatsApp za ka tura hoto, tura shi a matsayin dokumen, don idan ka tura shi a matsayin hoto za a matse shi, ƙananan rubutun su zama ba sa karantuwa. Kafin ka fitar, buɗe duk rassan da kake so a gani, abin da ke naɗe ba zai fito ba. Wajen bugawa a ce wa mai shagon ya kwantar da takardar, kuma babbar taswira A3 take so, a A4 sai an nemo tabarau.

Idan na sauya manhaja ko wayata ta ɓace, aikina ya tafi ke nan?

Zai iya tafiya idan ba ka yi tanadi ba. Ni ya taɓa faruwa da ni: na tara taswirorin wani kwas a wata manhajar intanet lokacin gwaji, wa'adi ya cika, na dawo na tarar ina iya kallonsu amma ba na iya gyarawa ko fitar da su yadda nake so sai na biya. Da hannu na sake buga su dare biyu.

Kowace manhaja tana da irin fayil ɗinta: .xmind na XMind, .mmap na MindManager, .mm na FreeMind da Freeplane. Wannan na ƙarshen manhajoji da yawa suna karɓarsa, haka ma OPML da Markdown, waɗanda suke riƙe rubutu da tsarin rassa ko da launi da hotuna sun zube a hanya. Tun ranar farko gwada fitar da taswira ɗaya ta ɗayan waɗannan hanyoyi, idan manhajar ta ƙi, ka san irin gidan da ka shiga. Duk taswirar da take da muhimmanci a ajiye ta kashi biyu, ainihin fayil ɗin da kuma PDF, a wuri biyu, misali a na'urarka da Google Drive ko filasha.

Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana zana taswira cikin daƙiƙa kaɗan. Me zai sa in wahala?

Haka ne, manhajoji da yawa sun sa wannan: ka rubuta batu ko ka ɗora takarda, rassa su fito reras. Idan so kake ka leƙa abin da doguwar takarda ta ƙunsa kafin ka karanta, yana da amfani. Idan kuwa koyo kake, ka ba da aikin da shi ne yake koyar da kai, wato zaɓe da rarrabewa, duba amsar da ke kan jarrabawa. Sannan takan yi kuskure da cikakkiyar gadara, musamman a batutuwan Hausa, tarihinmu da fikihu. Zana taka tukuna, sannan ka tambaye ta abin da ka manta, ka tace abin da ta kawo.

Akwai inda taswirar tunani ba ta dace ba?

Akwai. Ita bishiya ce, kowane reshe uba ɗaya gare shi. Abin da yake tafiya mataki bayan mataki, kamar yadda ake rajistar JAMB ko girka abinci, jeri mai lamba ko zanen kibiyoyi ya fi masa. Kwatanta farashin kaya biyar a shaguna huɗu aikin jadawali ne. Tarihin da shekaru suke bin juna layi ɗaya miƙaƙƙe yake so.

Batun da komai yake da alaƙa da komai kuwa, kamar yadda ruwan sama, farashin taki, bashin manomi da farashin hatsi suke taɓa juna, akwai wani zane dabam, taswirar alaƙar ma'anoni, da Joseph Novak ya ɓullo da shi a Jami'ar Cornell a 1972. A cikinsa ba dole sai da cibiya ɗaya ba, akwati yana iya haɗuwa da akwatuna da yawa, kuma a kan kowane layi ana rubuta irin alaƙar: "yana haifar da", "yana rage", "ya dogara da". Manhajar CmapTools don shi aka yi ta kuma kyauta ce, diagrams.net ma tana yin sa a burauza ba tare da rajista ba.